In Gwani Ya Dawo Gida: Labarin Farfesa Qian Xuesen na Ƙasar Sin

Jawabin da wakilin ɗalibai ya gabatar a taron ƙarshen zango na Ƙungiyar Ɗalibai, a Kaduna



Da farko muna roƙon afuwa, gama kayan da aka aza mana yau sun fi ƙarfin wuyanmu. Mu 'yan koyo ne, ko digirin farko ba mu karɓa ba tukuna, ga shi kuwa an sa mu yi magana a kan shehun malami a gaban shaihunan malamai. In mun yi tuntuɓe sai malamanmu su ɗaga mu.

Duk wanda ya tashi a Kawo, ko Hayin Banki, ko Unguwar Dosa, ko Mando, ya saba da ƙugin jirgin sama tun yana goye, saboda sansanin mayaƙan sama da ke maƙwabtaka da mu. Muna yara mun sha barin wasa mu ɗaga kai, kowa yana cewa shi ya fara hango shi. Waɗansunmu har sun ƙera nasu na kara da gwangwani. Burinmu duka ɗaya ne, mu zama matuƙa. Ba mu taɓa jin yaron da ya ce shi yana so ya zama wanda ke zana jirgin ba, don ba mu ma san akwai mai wannan aiki ba. Mun ɗauka jirgi abu ne da ke zuwa daga ƙasashen Turawa a shirye, kamar yadda damina ke zuwa daga gabas. Mutumin da za mu ba da labarinsa yau ya tashi a ƙasar da ita ma haka take ganin jirgi, amma bai mutu ba sai da ya ga ɗan ƙasarsu ya zagaya duniya cikin kumbon da suka ƙera da hannunsu.

Sunansa kamar yadda ake rubuta shi da boko, Qian Xuesen, yana da wuyar faɗa a bakin Bahaushe. Sinawa kan furta shi kusan kamar Ciyan Shwesan. Qian shi ne sunan gidansu, gama su da sunan gida suke farawa. An haife shi ran 11 ga watan Disamba, 1911, daidai lokacin da daular sarakunan Sin take rushewa ana kafa jamhuriya. Iyayensa mutanen birnin Hangzhou ne, amma a Bejin ya girma, inda mahaifinsa yake aiki a Ma'aikatar Ilmi. Watau dai ɗan ma'aikacin gwamnati ne kamar da yawa daga cikinmu. Cikin 1929 ya shiga Jami'ar Jiaotong ta birnin Shanghai, ya karanta aikin injiniya, ya ba da ƙarfi wajen injin jirgin ƙasa, domin a zamanin nan titin dogo shi ne alamar ci gaba. Yana ɗalibi, a farkon 1932, jiragen yaƙin Japan suka yi wa Shanghai ruwan bamabamai, Sinawa kuwa ba su da abin tare su. Masu rubuta tarihinsa sun ce wannan ne ya juya hankalinsa daga dogo zuwa sama.

Kuɗin da ya yi karatu da su a waje ma suna da nasu labari. Bayan tawayen da Sinawa suka yi wa baƙi a 1900, manyan ƙasashe sun ɗora wa Sin diyya mai nauyin gaske. Daga baya Amurka ta yafe wani kaso na rabonta, bisa sharaɗin a yi amfani da shi wajen tura ɗaliban Sin makarantunta. Da wannan sukolashif Qian ya shiga jirgin ruwa cikin 1935. Ya yi shekara guda a babbar makarantar fasaha ta MIT ya sami digiri na biyu, sa'an nan ya wuce Kalifoniya, makarantar Caltech, wajen Farfesa Theodore von Karman, mutumin Hangare, wanda a lokacin da wuya a sami wanda ya fi shi sanin yadda iska ke gudana a jikin jirgi. A hannunsa ya sami digirin dakta cikin 1939.

Ya kamata mu ɗan tsaya mu faɗi irin aikin da ya yi suna da shi, kada a zaci suna ne na banza. Jirgi yana tashi ne saboda bambancin matsin iska tsakanin saman fiffikensa da ƙarƙashinsa. In jirgi yana tafiya a hankali, lissafin wannan matsi ba shi da wuya ƙwarai. Amma da zarar gudunsa ya fara kusantar gudun sauti, watau kamar kilomita 1,200 a awa guda, sai iskar ta fara matsewa a gabansa ta sake hali, tsohon lissafi ya daina aiki, jirgi ya kama jijjiga ya ƙi jin linzami. Qian da malaminsa suka fitar da wata ƙa'idar lissafi wadda ke gyara wannan kuskure, ta yadda injiniya zai ɗauki awon da ya yi a ƙaramin gudu ya san abin da zai auku a babban gudu. Har yau ana kiranta da sunayensu su biyu a littattafan ɗaliban wannan fanni. Bugu da ƙari, ya shiga cikin waɗansu 'yan samari na makarantar, ƙarƙashin Frank Malina, waɗanda ke gwajin roka a bayan gari. Saboda yawan fashewar da kayan gwajinsu ke yi, abokan karatunsu suka laƙaba musu sunan masu neman halaka kansu. Daga wannan ƙungiya ce aka sami cibiyar JPL, wadda yau take aika na'urori duniyar Mars.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ƙarshe a 1945, Amurka ta ba shi matsayin kanar, alhali kuwa ba ɗan ƙasa ba ne, ta tura shi Jamus tare da malaminsa su binciki masanan rokar Hitila. Cikin waɗanda ya yi wa tambayoyi har da Wernher von Braun, wanda daga baya rokarsa ta kai Amurkawa wata. Cikin 1947 ya zama cikakken farfesa a MIT yana da shekara talatin da biyar, a shekarar kuma ya auri Jiang Ying, gwanar waƙa wadda ta yi karatu a Turai. Cikin 1949 ya koma Caltech ya shugabanci sabuwar cibiyar nazarin injin jet da roka.

A nan akwai abin da masu yabo sukan tsallake, mu kuwa ba za mu tsallake shi ba. A wannan shekara ta 1949 Qian ya nemi zama ɗan ƙasar Amurka. Yana da gida, yana da kujerar farfesa, ana girmama shi. Ba don abin da ya biyo baya ba, mai yiwuwa ne da can ya tsufa, kamar yadda likitocinmu da injiniyoyinmu da yawa suke tsufa a Ingila da Amurka da Saudiyya. Saboda haka in muka ji ana zagin waɗanda suka tafi ana cewa ba su da kishin ƙasa, sai mu tuna gwarzon da Sinawa suke ji da shi ma sai da aka tura shi ƙofa kafin ya kama hanyar gida.

Ga yadda abin ya kasance. 'Yan kwaminis suka karɓi mulkin Sin a Oktoba, 1949, tsoron kwaminisanci kuma ya kama Amurka kamar zazzaɓi. A watan Yuni, 1950, aka zarge shi da cewa ya taɓa halartar taron 'yan kwaminis shekara goma sha biyu da suka wuce. Ya musanta, amma aka ƙwace masa izinin ganin takardun asiri, wanda in babu shi ba zai iya aikinsa ba. Ransa ya ɓaci, ya ce to zai koma gida. Kwastan suka riƙe akwatunan littattafansa, a watan Satumba kuma aka tsare shi mako biyu a wani gidan waƙafi kusa da Los Angeles, sai da aka biya belin dala 15,000. Daga nan aka shiga wani hali mai ban mamaki: wata hukuma ta yanke a kore shi don ana zarginsa, wata kuma ta hana shi fita don ya san asiri da yawa. Shekara biyar ya yi a haka, ana bin sawunsa, duk wata yana zuwa ya sa hannu a ofishin shige da fice. Bai zauna yana kuka ba. A cikin shekarun nan ya rubuta littafi a kan yadda ake sa na'ura ta riƙa gyara tafiyarta da kanta, aka buga shi a 1954, aka fassara shi cikin harsuna da dama.

Cikin 1955 ya yi dabara ya aika da 'yar wasiƙa ta hannun ƙanwar matarsa da ke Beljiyam, yana neman gwamnatin Sin ta cece shi. Wasiƙar ta kai ga Firayim Minista Zhou Enlai. A lokacin ƙasashen biyu suna tattaunawa a Janeba, Sin kuma ta saki waɗansu matuƙan jiragen Amurka goma sha ɗaya da ta kama tun yaƙin Koriya. A watan Satumba, 1955, Qian da matarsa da 'ya'yansu biyu suka shiga jirgin ruwa, ran 8 ga Oktoba suka taka ƙasar Sin. Bai sake sa ƙafa a Amurka ba har ya mutu. Dan Kimball, wani babban jami'in rundunar ruwan Amurka da ya san shi, ya ce daga baya ƙasarsu ba ta taɓa yin wauta kamar wannan ba.

To, jama'a, nan ne zuciyar maganarmu. Gwani ya dawo gida. Me aka yi da shi?

Ƙasar da ya tarar matalauciya ce ta gaske. Sai a 1956 Sinawa suka ƙera motar ɗaukar kaya ta farko a masana'antarsu. A Fabrairun wannan shekara Qian ya miƙa wa gwamnati takardar shawara a kan kafa masana'antar roka, kafin shekara ta ƙare kuwa, ran 8 ga Oktoba, an buɗe cibiyar da ake kira Cibiya ta Biyar a ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro, aka ba shi shugabancinta. Ku lura, wata takwas tsakanin miƙa takarda da buɗe ofis. Yayyenmu ma'aikata sun fi mu sanin tsawon lokacin da fayil kan yi tsakanin tebur da tebur. Ma'aikatan da aka ba shi kuwa yawancinsu samari ne sama da ɗari da suka gama jami'a a shekarar, ba wanda ya taɓa ganin makami mai linzami da idonsa. Mutumin da ya yi wa von Braun tambayoyi sai ga shi ya ɗauki alli ya tsaya gaban allo yana koya musu tun daga baƙi da wasali: mene ne roka, me ya sa take ɗauke da nata oksijin maimakon ta shaƙi iska kamar jirgi, yaya ake sa ta bi hanya. Ya kuma shugabanci Cibiyar Nazarin Makanikanci, da aka buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sin a 1958 ya riƙe sashe guda yana shiga aji da kansa. Ya rubuta wa abokansa da ke waje su dawo, waɗansu kuwa suka dawo, kamar Guo Yonghuai da ya bar kujerarsa a Jami'ar Cornell.

Wani abu kuma ya faru a 1960 wanda a wurinmu zai yi kama da hauka. Qian ya ga aikin shugabanci yana cinye masa lokaci, daga rabon gidaje sai sha'anin makarantar yaran ma'aikata, sai ya nemi a sauke shi. Aka naɗa babban hafsan mayaƙan sama ya zama shugaba, shi kuma ya koma mataimaki, don ya sami sarari ya yi aikin da ya iya. Mu a nan, da zarar injiniya ya yi fice sai a yi masa ƙarin girma a raba shi da bita, a ba shi ofis mai sanyi da tulin fayiloli, daga nan ba ya sake taɓa sufana. Shi ma ba a ga laifinsa, tun da albashi da mota da girma duk a can suke.

Ba su kaɗai suka fara ba, wannan ma a faɗe shi. Tarayyar Sobiyet ta ba su samfurin roka da zane da ƙwararru bisa yarjejeniyar 1957. Amma da ƙasashen biyu suka ɓata, sai Rashawa suka kwashe mutanensu a tsakiyar 1960. Duk da haka ran 5 ga Nuwamba, 1960, Sinawa suka harba kwafin da suka yi na rokar Rasha a hamadar Gobi, ta tashi lafiya. Da suka gwada wadda suka zana da kansu a watan Maris, 1962, sai ta yi tangaɗi ta faɗo kusa da inda aka harba ta, ta tarwatse. Ƙasar tana fitowa daga yunwa, kuɗi sun ƙone a banza, ga shi baƙi sun tafi. A irin wannan rana ce ake gane gwamnatin da take nufin aiki da gaske. Ba a rufe cibiyar ba, ba a kafa kwamitin neman wanda za a rataya wa laifi ba. Qian ya jagoranci binciken, aka gano cewa doguwar rokar tana lanƙwasa tana karkarwa a sama, karkarwar kuma tana ruɗa na'urar da ke riƙe mata linzami. Daga nan aka gina wuraren gwaji a ƙasa, aka kafa doka cewa ba abin da zai tashi sama sai an gwada kowane sashe nasa a ƙasa an tabbata. Shekara biyu aka yi ana wannan aiki marar armashi, wanda ba a kiran 'yan jarida su ɗauki hotonsa.

Sinawa suna ba da wani labari na gwajin da ya biyo baya, a watan Yuni, 1964, wanda muke so 'yan'uwa ɗalibai su riƙe. Zafin hamada ya sa man rokar ya kumbura, tankuna suka kasa ɗaukar nauyin da aka tsara, lissafi ya nuna ba za ta kai inda ake so ba. Manya suna ta neman hanyar ƙara mai. Sai wani ƙaramin injiniya, Wang Yongzhi, ya ce a'a, a rage, a zubar da kilo 600. Hujjarsa ita ce, rarar man ba za ta ƙone ba, nauyi ne kawai rokar za ta ɗauka. Ba wanda ya kula shi. Ya yi ƙarfin hali ya je ya ƙwanƙwasa wa Qian ƙofa. Qian ya saurare shi, ya bi lissafin, ya kira babban mai zane ya ce a yi yadda yaron ya faɗa. Ran 29 ga Yuni rokar ta tashi ta kai. Wannan Wang shi ne bayan shekara ashirin da takwas aka ba shi jagorancin zanen shirin aika mutum sararin sama. Mu tambayi kanmu, a ofisoshinmu da sassan jami'o'inmu, ƙaramin ma'aikaci nawa ne zai iya ƙwanƙwasa wa darakta ƙofa ya ce ranka ya daɗe, lissafin manya ba daidai ba ne, ya kuma kwana da aikinsa?

Sauran nasarorin sanannu ne. A Oktoba, 1966, suka harba makami mai linzami ɗauke da bam na nukiliya, abin da mu ba ma yi wa ƙasarmu sha'awarsa. Ran 24 ga Afrilu, 1970, wata uku bayan ƙarewar yaƙin basasarmu, suka harba tauraron ɗan'adam na farko mai nauyin kilo 173, suka zama ƙasa ta biyar da ta yi haka da rokarta. Don a gane girman abin, tauraro ba ya zama a falakinsa sai yana gudun kusan kilomita takwas a daƙiƙa guda, watau daga Kaduna zuwa Kano cikin rabin minti.

Kada mu mai da shi waliyyi. Cikin 1958, lokacin da Shugaba Mao ya tasa ƙasar da shirin nan na tsalle guda zuwa ci gaba, jami'an larduna suna ta aika wa Bejin alkaluman ƙarya na amfanin gona don su faranta wa na sama rai. A daidai wannan lokaci Qian ya rubuta maƙala a jaridar matasa, yana lissafin cewa bisa ga hasken ranar da ke sauka a gona, amfanin da ake samu zai iya ninkawa sau da yawa. A takarda lissafin ya yi kyau, amma mutumin bai san noma ba, sunansa kuwa ya ba ƙarya rigar ilmi. Gwamnati ta karɓi hatsi daga manoma bisa alkaluman da babu su, yunwar da ta biyo baya daga 1959 zuwa 1961 ta kashe miliyoyin mutane. Masana suna gardama a kan nauyin da maƙalar ta yi a cikin wannan masifa, amma ba mai gardamar cewa ya rubuta ta. Gwanin roka ba gwanin gero ba ne. Haka kuma zamanin Juyin Al'adu, da aka yi wa abokin aikinsa Yao Tongbin, masanin ƙarafa, dukan da ya kashe shi a 1968, shi Qian kariyar Zhou Enlai ce ta tsare shi, ya kuwa bi jam'iyya sau da ƙafa har ƙarshen ransa. Da ya tsufa ya ɓata lokaci wajen goyon bayan binciken masu da'awar ganin abin da ke ɓoye da ƙarfin zuciya, abin da ya ba masana da yawa kunya.

Yana kwance a gadon tsufa a Oktoba, 2003, Yang Liwei ya zagaya duniya cikin kumbon Sin. Da Firayim Minista Wen Jiabao ya je gaishe shi a 2005, maimakon ya yi ta godiya sai ya kawo kuka, ya ce jami'o'in ƙasar ba sa fitar da masu ƙirƙira na gaske, kowa bin abin da aka faɗa yake yi. Har yau Sinawa suna muhawara a kan wannan magana. Ya rasu a Bejin ran 31 ga Oktoba, 2009, yana da shekara 97.

Wani zai ce, to ina ruwan Kaduna? Akwai igiyar da ta ɗaure mu da shi kai tsaye. Cibiyar ƙera taurarin ɗan'adam ta Sin, wadda aka kafa a 1968 Qian yana shugabanta na farko, ita ce ta ƙera wa Nijeriya tauraron sadarwa na NigComSat-1, aka harba shi daga Xichang a watan Mayu, 2007. Ya lalace a Nuwamba, 2008, saboda matsalar fikafikansa masu tara hasken rana, suka sake ƙera mana wani aka harba a Disamba, 2011. Watau jikokin ɗaliban ajin nan na 1956 su ne muka je muka yi ciniki da su.

Alhali kuwa ba za a ce mun makara wajen farawa ba. Tun a Nuwamba, 1925, jiragen sama suka fara sauka a Kano. Cikin 1964 aka kafa rundunar mayaƙan samanmu da taimakon Jamus ta Yamma, Kaduna ta zama gidan horonta. A wannan shekara aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, da Makarantar Horon Hafsoshi a nan cikin gari. Abin da ya fi wannan, wanda muka tabbata rabin zauren nan ba su taɓa ji ba, shi ne an taɓa harhaɗa jirgin sama a garin nan, a tsohon filin jirgi, tafiyar 'yan mintoci daga Kawo. Sunansa Air Beetle, ƙaramin jirgin koyon tuƙi mai inji ɗaya. Kamfanin AIEP, wanda Jamusawa ke da hannu a cikinsa, shi ya ɗauko zanen wani ƙaramin jirgin Amurka ya gyara shi don ya dace da bukatun mayaƙan samanmu. An fara nuna shi a 1989, aka harhaɗa guda 60 da hannun ma'aikatanmu, matuƙan soja da yawa kuwa da shi suka fara tashi.

Masu raini sukan ce ai harhaɗawa ce kawai, zanen na wasu ne, injin ma na wasu ne. Gaskiya ne. Amma rokar Sinawa ta 1960 fa, ba kwafin ta Rasha ba ce? Kowa da rarrafe ya fara. Abin da ya raba mu da su shi ne taki na biyu. Su da suka gama kwafi suka zana tasu, ta faɗi, suka sake, mutanen da suka yi ta farko su ne suka yi ta biyu da ta uku suna koya wa na bayansu. Mu kuwa babu wani jirgin horo ƙirar Kaduna da ya gaji Air Beetle a bakin aiki. Da lokacin sauya shi ya yi sai aka sayo na waje, ciki har da Super Mushshak guda goma daga Pakistan, waɗanda aka yi cinikinsu a 2016. Pakistan ɗin ma da lasisin zanen wani jirgin Suwidin ta fara, ta riƙe aikin ba ta saki ba har ta kai ga sayar mana. Wanda ya ƙetare gada ya dubi masaƙun Kakuri da suka yi shiru ya san wannan hali namu bai tsaya ga jirgin sama ba.

Ba mu ce komai ya mutu ba. Makarantar fasaha ta mayaƙan sama, wadda ta faro a 1977 a matsayin makarantar horon makanikai, ta zama AFIT a 2008, ta sami matsayin jami'a a 2018, yanzu har farar hula suna karanta injiniyancin jirgin sama a cikinta. A nan Kaduna Shugaba Jonathan ya ƙaddamar da jirgi marar matuƙi mai suna Gulma a Disamba, 2013, Shugaba Buhari kuma ya ƙaddamar da Tsaigumi a Fabrairu, 2018, wanda aka yi da haɗin gwiwar wani kamfanin Fotugal. Wanda ya raɗa wa jiragen leƙen asiri waɗannan sunaye dai ya iya Hausa. Haka nan injiniyoyinmu ne suka ƙera tauraron NigeriaSat-X da hannunsu a Ingila, aka harba shi a 2011. Ke nan ƙwaƙwalwa ba ita ce ta yi mana ƙaranci ba. Tsoronmu shi ne mun iya bikin ƙaddamarwa, da rumfa da baƙi da yanka kirtani, amma ba mu saba da shekaru biyun nan na bayan faɗuwa ba, waɗanda ba su da biki sai gwaji da gyara da kasafin kuɗin da ba ya yankewa in gwamnati ta sauya.

Wannan kuwa ba aikin injiniya kaɗai ba ne, shi ya sa muka gayyaci yayyenmu ma'aikata. Qian bai sa hannu a takardar kuɗi ko ɗaya ta ƙasa ba. Akwai waɗanda suka karanta takardarsa suka amsa cikin watanni, akwai Mashal Nie Rongzhen da ya tsaya wa masanan ya nema musu abinci a shekarun yunwa ya hana a taɓa su da roka ta faɗi. Nan da shekara goma ko ashirin waɗansu daga cikin mazauna zauren nan za su zama daraktoci da manyan sakatarori. Wata rana wani ɗan Tudun Wada ko Unguwar Sarki da ya yi shekara ashirin a masana'antar jiragen sama ta Faransa ko Kanada zai dawo ya ajiye takarda a teburinku. Kuna iya ba shi sarauta da lambar yabo ku sallame shi, kuna kuma iya ba shi allo da samari ɗari da izinin ya faɗi sau ɗaya ba a kore shi ba.

Malam Shugaban Taro, muna da roƙo guda ga ƙungiya. Makanikai da injiniyoyin da suka harhaɗa Air Beetle yanzu dattawa ne, waɗansu sun riga mu gidan gaskiya, waɗansu kuwa suna nan cikin unguwanninmu sun yi ritaya, muna haɗuwa da su a masallaci da coci da kasuwar Kawo ba mu san su ba. Muna roƙo a kafa ɗan kwamiti na mutum biyar ya nemo su, a gayyaci ko mutum biyu su zo taronmu na zango mai zuwa su gaya mana da bakinsu yadda aka yi aikin da inda ya tsaya, a ɗauki maganarsu a rubuta ta da Hausa a buga a mujallarmu. Muna kuma roƙo Sakatare ya rubuta wa hukumar AFIT takardar neman izinin kai ziyara bitarsu. Wanda yake so ya shiga kwamitin sai ya ba Sakatare sunansa a bakin ƙofa kafin a watse.